Uba Da Ɗa Da Kiɗan Ƙarfe

Gardama a kan kiɗa iri biyu ce. Akwai wadda takan tashi tsakanin mai son wani kiɗa da wanda ba ya sonsa. Wannan ba ta cika daɗewa ba, gama kowa yakan kama hanyarsa, mai so ya tafi da rediyonsa, wanda ba ya so ya toshe kunnensa. Akwai kuma wadda takan tashi tsakanin mutum biyu masu son kiɗa ɗaya, ɗaya babba, ɗaya yaro. Ita wannan ta fi zafi, ta kuma fi wuyar kashewa, domin kowannensu yana ganin shi ne mai abin. In ta shiga tsakanin uba da ɗansa, takan yi shekaru tana cin gidan kamar gara, mutanen waje ba su sani ba.

Garwa gari ne da kunne ba ya rasa abin ji. Tun zamanin da jiragen ruwa suke hawowa Binuwai da damina su ɗauki auduga da gyaɗa, baƙi suke shigowa da kaɗe-kaɗensu. Gidan rediyon Garwa ya daɗe yana watsa shiri da Faransanci da Fulatanci da Hausa, har mutanen Yola da Mubi da waɗanda suka fi su nisa suna kama shi. A garin aka haifi Ali Baba a 1956, wanda ya ɗauki kiɗan arewa ya haɗa shi da kayan kiɗan zamani, yana rerawa da Hausa da Fulatanci, har ya rasu a 2004. Makosa da bikutsi sun hawo daga kudu, waƙoƙin fim kuma sun zo daga Kano. A cikin wannan taro akwai wani baƙon kiɗa wanda masoyansa ba su da yawa a garin. Duk da ƙarancinsu, ba su tsira daga faɗan cikin gida ba.

Turawa suna ce da kiɗan nan hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. A nan za a kira shi kiɗan ƙarfe. Da gita mai lantarki ake yinsa. Akan ƙure murya har sai ƙarar ta tsage, ta yi kauri kamar rurin injin niƙa. Akwai wata gita mai babbar murya tana bin ta a ƙarƙashi, da ganguna masu sauri, da mawaƙi wanda yakan ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. Wanda ya fara jinsa yakan ce faɗa ake yi. Amma wanda ya saba yana rarrabe kowane hannu a ciki, kamar yadda mai son kalangu yake jin abin da kalangu yake faɗa, baƙo kuwa sai ya ji duka kawai.

Asalin kiɗan daga Barmingam ne, garin maƙera da masana'antu a Ingila. A 1968 waɗansu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka haɗa ƙungiya, wadda daga baya suka sa mata suna Black Sabbath. Mai gitarsu, Tony Iommi, yana da shekara 17 sa'ad da injin yanka ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar da yake aiki. Bai bar kiɗa ba. Ya narka gorar roba ya yi wa yatsun hula, ya sa siraran tsirkiya, daga baya kuma ya sassauta su domin kada su yi masa ciwo. Sassautawar nan ta sa muryar gitarsa ta ƙara zurfi da nauyi. Faifansu na farko ya fito ran 13 ga Fabrairu, 1970. Bayansu waɗansu suka taso, kamar Judas Priest a garin nan ɗaya, da Iron Maiden a Landan a 1975, da Metallica a Amurka a 1981.

To, a unguwar Yelwa ta Garwa akwai wani gida inda kiɗan nan ya ratsa zuriya uku. Kakan gidan tela ne, ya zo daga wajen Mubi tun yana saurayi, ya zama dattijon ikilisiya. Mutum ne mai son kiɗa ƙwarai. Rediyonsa yana rataye kusa da keken ɗinki, in aka sa Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos sai ƙafarsa ta riƙa bin kiɗan a kan keke. Ran Lahadi kuma shi yake ɗaga waƙa a sujada. Yana da ɗa wanda aka haifa a 1967, ya kai shi koyon gyaran rediyo a bakin kasuwa.

A 1984 wani Bafaranshe mai aiki a kamfanin auduga ya kawo rikoda gyara, da kaset a ciki. Yaron ya gama like waya da dalma, ya danna domin ya gwada, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Scorpions ne, mutanen Jamus, waɗanda waƙarsu “Still Loving You” ta cika Faransa a shekarar nan. Ya juya kaset ɗin ya sake juyawa har maigidansa ya tsawata masa. Da Bafaranshen ya zo karɓar kayansa ya ga haka, ya yi dariya. Sa'ad da zai koma ƙasarsu, ya bar wa yaron kwali guda cike da kaset, wajen 30.

Ya kamata mai karatu na yau ya san yadda abin yake a lokacin. Ba a sayar da irin wannan kaset a kasuwar Garwa. Gidan rediyo ba ya sa shi. Talabijin ma sai a 1985 ya fara aiki a Kamaru. Wanda ya sami kaset ɗaya ya sami dukiya. Yaron da abokansa huɗu sukan taru a shago bayan an tashi, su haɗa kuɗin batir, su zauna shiru su ji kaset daga farko har ƙarshe. Da biro suke mayar da zare baya domin kada batir ya ƙare. In zaren ya tsinke, su like shi da jan farce. Ba su jin Turancin Ingila, saboda haka suka sami wani ɗan makarantar sakandare yana fassara musu da ƙamus, kalma kalma. Hoton da yake jikin kwalin kaset shi ne iyakar abin da suka sani game da kamannin mawaƙan.

Hoton nan kuwa shi ya jawo masifa. Wata rana a 1987 dattijon ya shiga ɗakin ɗansa neman almakashi, ya tarar da kaset ɗin Iron Maiden mai suna “The Number of the Beast”, da zanen ƙwarangwal da wani jan abu mai ƙaho a jikinsa. Bai tambayi kome ba. Ya kwashe kwalin duka ya kai tsakar gida, ya zuba kananzir, ya kira ɗansa ya tsaya yana gani, sa'an nan ya ƙyasta ashana. Ya ce, “Ba za a bauta wa Shaiɗan a gidana ba.” Saurayin ya ce, “Baba, kiɗa ne kawai.” Uban ya ce, “Rufe mini baki.” Kaset uku kaɗai suka tsira, gama suna shago a cikin wani mataccen rediyo. Dattijon ya rasu a 1998. Shi da ɗansa sun yi zaman lafiya a sauran al'amura, amma ba su ƙara ta da wannan magana ba ko sau ɗaya.

Ba daidai ba ne a ce tsoron dattijon na banza ne duka. A Amurka ma iyaye sun tsorata, har a watan Satumba na 1985 wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna ya saurari ƙara a kan kalmomin waƙoƙi, daga nan aka fara manna takardar gargaɗi ga iyaye a jikin waɗansu faya-fayai. Abin da ya fi wannan muni ya faru a Norwe, ƙasar da 'yan mishan suka fito suka zo Ngaundare a 1925. A can waɗansu samari masu wani reshe na kiɗan nan suka shiga ƙone majami'u. Ran 6 ga Yuni, 1992, majami'ar katako ta Fantoft, wadda aka gina wajen shekara ta 1150, ta ƙone ƙurmus. A 1994 kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin mawaƙan nan shekara 21 saboda kisan kai da ƙone majami'u.

Amma waɗannan kaɗan ne cikin dubbai. Yawancin zane-zanen ban tsoro na jikin kaset ado ne na jawo ido, kamar dodon wasan kwaikwayo. A faifan Black Sabbath na 1971 akwai waƙa mai suna “After Forever” wadda take goyon bayan bangaskiya ga Allah. Akwai kuma ƙungiyar Stryper ta Amurka, masu bi, waɗanda suke yin kiɗan nan da bishara a ciki, har suna jefa wa masu kallo Littafi Mai Tsarki daga kan dandamali. Dattijon ya yi gaskiya da ya damu da abin da yake shiga kunnen ɗansa. Inda ya kasa shi ne bai zauna ya ji ba, bai kuma tambaya ba.

Ya kuma manta da waɗansu abubuwa. Shatan da yake so, mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, gama yana ganin waƙa roƙo ce. A wurare da yawa 'yan mishan na farko ba su yarda a shigo da ganga cikin majami'a ba, suna cewa kayan tsafi ce. Tsarar dattijon ce ta shigo da ita, matan zumunta kuma suka ƙara da tulu da caki, har yau ba wanda yake ganin laifin abin. A shekarun da yake ƙona kaset ɗin nan, a Yawunde 'yan ƙungiyar Les Têtes Brûlées suna aske rabin kai, suna shafa farin fenti a jiki, suna kaɗa bikutsi da gita mai lantarki. Manya da yawa sun ce mahaukata ne. A 1990 kuwa su ne suka raka 'yan ƙwallon Kamaru zuwa gasar cin kofin duniya a Italiya. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

Saurayin nan ya girma, ya buɗe nasa shago, ya yi aure. A 2001 aka haifa masa ɗa. Ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa ƙone wa ɗansa kome ba, ya kuwa cika alkawarin. Yaron ya tashi yana jin kaset ukun nan a shago. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yana shekara 15 ya sami waya, ya shiga neman kiɗan ƙarfe da kansa. Amma abin da ya samo dabam ne da na ubansa. Ya kamu da son Linkin Park, waɗanda faifansu na farko ya fito a 2000, masu haɗa gita da waƙar rap. Ya so Slipknot, mutum tara masu rufe fuska da abin ban tsoro. Daga baya ya kai ga waɗansu waɗanda mawaƙinsu yake gurnani daga maƙogwaro, ba a jin kalma sai an karanta.

Da murna ya kawo wa ubansa. Uban ya saurara na minti ɗaya, ya cire abin daga kunnensa, ya ce, “Wannan ba kiɗa ba ne, hayaniya ce.” Bai lura ba cewa kalmar da maƙwabta suke faɗa masa ke nan shekara 30 da suka wuce. Wata rana kuma yaron ya sami baƙar riga a wurin masu gwanjo, da sunan Iron Maiden a ƙirjinta. Irin rigunan nan suna zuwa cikin dilar gwanjo daga Turai, har akan ga mai tallan kifi sanye da ita ba ta san abin da aka rubuta ba. Yaron ya sa tasa da sani, domin ubansa ya ji daɗi. Uban ya tsai da shi a ƙofar shago a gaban abokansa, ya ce ya faɗi sunan waƙoƙinsu biyar, da sunan mai gangarsu. Yaron ya faɗi uku ya tsaya. Uban ya ce, “Je ka tuɓe, ba ka isa sa ta ba tukuna.” Mutane suka yi dariya. Yaron ya tuɓe, bai ƙara sa ta ba.

Wannan hali ba a Garwa aka fara shi ba. Ko'ina masoyan kiɗan nan suke, tsofaffi sukan tsaya a bakin ƙofa suna yi wa sababbi jarrabawa. Ko mawaƙan ma ba su tsira ba. Sa'ad da Metallica suka fitar da faifansu mai baƙin bango a 1991, suka rage sauri, duniya ta saya da yawa, amma masoyansu na farko suka ce sun sayar da kansu saboda kuɗi. A 1996 suka aske dogon gashinsu, aka sake yin kuka kamar an yi mutuwa. A 2000 kuma suka kai kamfanin Napster ƙara domin matasa suna musayar waƙoƙinsu kyauta ta intanet, sai matasa suka ce ga tsofaffi masu rowa. Kowace tsara tana ganin kiɗan gaskiya ya ƙare a shekarar da ita ta yi aure.

In an duba uban nan da ɗansa da kyau, za a ga bambancinsu ya kasu huɗu.

Na fari, hanyar samu. Uban ya sami kaset 30 a dukan ƙuruciyarsa, aka ƙone 27. Ɗan yana da waƙoƙi fiye da dubu a katin waya wanda bai kai farce girma ba. Wanda ya sha wuya kafin ya sami abu yakan riƙe shi da hannu biyu, yakan kuma ji haushi in ya ga wani ya samu a sauƙaƙe. Bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, uban ya yi shekaru bai sayi sabon kaset ba. Yaron bai san wannan yunwa ba, ba kuwa laifinsa ba ne.

Na biyu, hanyar ji. Uban da abokansa sun ji kiɗansu tare, a lasifika ɗaya, suna duban fuskar juna. Ɗan yana jin nasa shi kaɗai, da waya a kunne, yana tsallake waƙa in ba ta kama shi da wuri ba. Abokansa na kiɗa suna Duwala da Nairobi da Faransa, bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Uban yana ganin wannan kaɗaici ne. Ɗan kuwa yana ganin abokan ubansa huɗu ne kawai, nasa ba su ƙidayuwa.

Na uku, abin da kowa yake nema a ciki. Uban yana jin gwanintar hannu. Yakan rufe ido sa'ad da mai gita ya ware shi kaɗai, yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya. Ɗan ya fi kula da abin da waƙar take faɗa a kan baƙin ciki da tsoro da rashin aikin yi. Mawaƙin Linkin Park, Chester Bennington, ya yi ta rera damuwar zuciyarsa, a 2017 kuma ya kashe kansa. Yaron ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Uban ya ce shagwaɓa ce. Da ya tambaya, da ya san cewa akwai abin da yake damun ɗansa wanda ya fi mutuwar baƙon mawaƙi.

Na huɗu, ko kiɗan na wane ne. A wurin uban, kiɗan ƙarfe na Turawa ne, daɗinsa ma shi ne ya zo daga nesa. Ɗan ya san ba haka yake ba yanzu. Ya ga 'yan Botsuwana sanye da baƙar fata da hular makiyaya, da ƙungiyar Overthrust ta garin Ghanzi wadda take shirya bikin kiɗan nan domin taimakon yara marasa galihu. Ya ji Arka'n Asrafokor na Lome a Togo, masu rerawa da harshen Ewe, suna haɗa gangunan gargajiya da gita. Ya ji Mdou Moctar, Buzun Nijar, wanda iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, waƙoƙinsa kuma suka fara yaɗuwa daga waya zuwa waya a cikin Sahara kafin ya zaga duniya. Burin yaron shi ne wata rana ya sa kalangu da garaya cikin kiɗan ƙarfe. Uban ya ce wannan ɓata abu biyu ne gaba ɗaya.

Da yaron ya gama koyon gyaran waya, ya koma Ngaundare ya buɗe tebur kusa da tashar jirgin ƙasa. A watan Yuli na 2022 wani shirin talabijin na Amurka mai suna Stranger Things ya sa tsohuwar waƙar Metallica ta 1986, “Master of Puppets”. Matasan duniya suka ruga suna nemanta. Tsofaffin masoya da yawa suka yi gunaguni, amma su Metallica da kansu suka ce kowa ya shigo, ana maraba da shi. Wannan waƙa tana cikin kaset ukun da suka tsira daga wuta. Saurayin ya yi wata biyu yana koyonta a gitar da ya ara. Da ya zo gida, ya kaɗa wa ubansa ita a tsakar gida bayan cin tuwo. Ya kaɗa ta da kyau. Uban ya ji har ƙarshe, sa'an nan ya ce, “Sai da fim ɗin yara ya nuna maka ita ka san tana da daɗi?” Saurayin ya naɗe wayoyinsa. Da asuba ya hau mota. Kirsimati ta zo bai zo ba, wata Kirsimati ta sake zuwa, sai dai ya aiko wa uwarsa kuɗi.

Uwar ce ta faɗi maganar da ta kamata. Tana cikin 'yan matan unguwa da suka leƙo ta katanga ranar da aka ƙone kwalin a 1987. Ta ce wa mijinta, “Maigida, Baba ya ƙone naka da ashana, kai kuma kana ƙone na yaron nan da baki. Wanne ya fi?” Ya ce shi gyara yake yi masa, domin ya san abu na ainihi. Ta ce, “Wanda ake gyarawa yana gida. Naka yana ina?” Bai amsa ba. Ya shiga shago ya zauna a cikin matattun rediyo, waɗanda yanzu ba mai kawo irinsu gyara sai jefi jefi.

Me yake sa babba ya yi haka ga yaron da yake son abin da shi ma yake so? Sau da yawa tsoro ne. Kiɗan da mutum ya so yana shekara 17 yana ɗaure da ƙuruciyarsa, da abokansa waɗanda waɗansu sun mutu, da wahalar da ya sha dominsa. In yaro ya zo ya ce ga sabon salo wanda ya fi, babban yakan ji kamar an ce zamaninsa ya wuce. Sai ya mai da saninsa sanda. Haka yake faruwa a ƙungiyar mawaƙan majami'a sa'ad da matasa suka kawo jita da piyano mai lantarki, haka kuma tsakanin masu son Shata da jikokinsu masu son waƙoƙin fim. Littafin Ezra ya ba da labarin ranar da aka kafa harsashin Haikali na biyu. Tsofaffin da suka ga na farko suka fashe da kuka, sauran jama'a kuwa suna sowa don murna, har mai ji daga nesa bai iya rarrabe kukan da sowar ba. Dukansu Haikali ɗaya suke ƙauna.

Ran 5 ga Yuli, 2025, Black Sabbath suka yi wasansu na ban kwana a filin ƙwallon Villa Park a Barmingam, kusa da unguwar da suka tashi. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya rera a zaune a kan kujera, gama ciwon karkarwa ya hana shi tsayawa. Ƙungiyoyi na tsara dabam dabam suka zo suka yi wasa don girmama su, a cikin masu kallo kuma akwai masu furfura da jikokinsu. Ran 22 ga watan nan Ozzy ya rasu yana da shekara 76. Da dare uban ya ɗauki waya ya kira Ngaundare, abin da ya yi kusan shekara uku bai yi ba. Ya ce, “Ka ji tsohon nan ya tafi?” Saurayin ya ce, “Na ji, Baba. Sannu da haƙuri.” Suka yi shiru. Sai uban ya ce rikodarsa ta lalace, robar cikinta ta narke saboda zafin bazara, ba a kuwa samun irinta a kasuwa.

A ƙarshen mako saurayin ya zo, tafiyar kusan kilomita 280. Ya yanka roba daga tsohon tiyub ya ta da rikodar, ya haɗa ta da kwamfuta, ya kwashe kaset ukun ya zuba su a katin waya kafin zarensu ya gama ruɓewa. A wurin aikin nan ne ya gane kunnen ubansa na hagu ya kusa mutuwa, gama shekarun da ya yi yana manna kunne a lasifika sun ci shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin hatsarin lalacewar ji saboda ƙarar da suke sa wa kunnensu. A kan wannan uban ya yi wa ɗansa gargaɗi, saurayin kuwa ya karɓa, gama ya ga shaida a gabansa.

Gardamarsu ba ta ƙare ba. Har yanzu uban yana cewa mai gurnani ba mawaƙi ba ne, ɗan kuma yana cewa waƙoƙin Scorpions na masu neman aure ne. Amma uban ya roƙa a zuba masa na mutanen Togo a katin, ya ce yana so ya ji yadda suka yi da gangunan. Baƙar rigar nan kuma an same ta a ƙasan akwatin uwar, a ninke.

Ya ku iyaye, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan gaskiya ne. Amma hangen nesa ba zai amfani yaron da aka kora daga gindin rimin ba. In ɗanku ya kawo muku abin da yake ji, ku zauna ku ji shi har ƙarshe. Ku tambaye shi abin da waƙar take faɗa, da abin da ya sa ta kama shi. In akwai mugun abu a ciki, ku nuna masa shi da sunansa, zai fi jin maganarku domin ya ga kun saurara. Ku kuma matasa, kada ku rena tsohon kaset da mai shi. Ku tambayi manya yadda suka same shi da abin da suka sha a kansa tun suna nan da rai, gama telan nan na Yelwa ya tafi da nasa labarin, ba wanda ya tambaye shi.